Shugabancin asibitin unguwa ya sauya, ina wakilinmu?

Mahaifina yana fataucin shanu a Oko-Oba da ke Agege. Tun da hawan jini ya kama shi, ni nake raka shi ƙaramin asibitin unguwarmu duk wata. Zaman layin nan ne ya sa na fara tambayar wa ke yanke shawara a wurin.

A da, shugaban irin wannan asibiti jira yake yi. Magani ya ƙare ko rufi yana yoyo, sai ya rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, shi ke nan. Yanzu abin ya fara canzawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na kuɗin yana shiga kai tsaye asusun bankin ƙananan asibitocin da aka zaɓa. Ke nan shugaba sai ya tsara abin da zai yi da shi, ya kuma ba da lissafi. Ba shi kaɗai ba fa: akwai kwamitin raya mazaɓa, na mutanen unguwa, da ke zama da shi.

Sai inshora. A 2022 aka sa hannu kan dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya, Legas kuma tana da nata tsarin, Ilera Eko. A wannan tsari, yawan masu rajista da suka zaɓi asibiti yana ƙara masa kuɗi. To ka ga dole shugaba ya damu da yadda ake karɓar mutane.

Ga inda abin ya shafe mu. Da na tambaya, babu Bahaushe ko ɗaya a kwamitin mazaɓarmu, alhali matanmu ne ke cika benci ranar awo da rigakafi. Na ga wata baiwar Allah ta koma gida ba ta gane yadda za ta ba ɗanta magani ba, don ba ta jin Yarabanci ko Turanci. Wa zai kai wannan kuka in babu namu a zaman?

Shawarata ga Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa: ku je asibitin mazaɓarku, ku tambayi ranar taron kwamiti, ku tura mutum biyu, namiji da mace, masu jin yaren gari. Abin farko da za su nema shi ne tafinta ranar awo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.