Kayan Makaranta Da Gasar Yara A Hotoro

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Maiduguri wajen Hotoro da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga abin da zai faranta masa rai. Yara ne rututu, maza da mata, wasu a ƙasa, wasu cikin A-Daidaita-Sahu, sun nufi makarantun unguwa da na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, kowane rukuni da launin tufafinsa. Daga nesa sai ka ce 'ya'yan mutum guda ne. Amma mu da aikinmu ya zama zagayen duba makarantu mun sani in an matso kusa akwai sauran magana.

Ba da yunifom aka fara boko a Kano ba. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, almajiransa da rigunansu na gida suke zama. Tufafi iri ɗaya daga baya suka zo, amfaninsu kuwa ya ƙara fitowa fili da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya tara ɗan attajiri da ɗan lebura a benci guda. Hikimar ita ce kada sutura ta nuna mai shi da maras shi. Don haka ne gwamnatin Kano ta raba wa yara kayan makaranta kyauta a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, har wa yau cikin Janairu 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ƙaddamar da rabon kaya ga 'yan aji ɗaya fiye da 700,000.

To, amma yara sun kwashe gasar sun kai inda doka ba ta kai ba, musamman a sakandare. Samari su kan koma wa tela a tsuke wando, a rage riga. 'Yan mata kuwa da ido suke auna yadin hijabin juna, sun san mai tsada da mai araha kamar 'yan Kantin Kwari. Ga takalmi, ga jaka, ga agogo, ga wayar da ake ɓoyewa. Ranar gama jarrabawar ƙarshe kuma a kan bi rigar juna da rubutun maka, a ɓata tufar da ƙane ke jiran gado, wanda ya ƙi a ce masa baƙauye.

Kada a ɗauki wannan wasan yara. A wata makaranta da muka duba mun ga sunan wani yaro mai ƙoƙari da alamar fashi har mako uku a rajista, alhali kullum da safe ya kan bar gida da jakarsa. Da aka bincika, ashe wandon wansa ya gada, mai faɗi, ga faci a gwiwa, abokai suka laƙaba masa suna. Sai ya riƙa cusa kayan cikin jaka, ya tafi wajen masu tankokin mai yana yi musu aike, wai yana tara kuɗin sabon ɗinki. Uban bai sani ba, malamin ajin bai tambaya ba. Da kunya ta kori yaro daga aji, abokan titi ne za su karɓe shi, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka muna da roƙo uku. Shugabannin makarantu su tsai da irin yadi da ɗinki da takalmi guda mai sauƙin kuɗi, su tsare dokar a kan kowa, har 'ya'yan manya. Ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙa karɓar kayan masu fita, a wanke, a gyara, a ba mabukata a asirce, gama kayan kyauta ma su kan tsufa, yaro kuwa girma yake yi. Malamin aji kuma in ya ga fashin kwana uku, ya aika gida tun abin bai yi nisa ba.

Ku kuma iyaye, in yaro ya ce lalle sai irin takalmin wane, ku zaunar da shi ku ji wanda ke matsa masa, kada ku kore shi da tsawa, kada kuma ku ci bashi don ku rufe masa baki. Allah ya shirya mana zuriya, amin.