Zafin Yola da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Zaɓe da Ɗaura Mazuƙin Zafi

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagunan buga takardu na Damilu ko Jambutu a watan Maris ko Afrilu ya san wannan matsala. Ana tsakiyar buga kundin bincike sai kwamfuta ta soma gurnani, ta yi nauyi, daga nan ta ɗauke, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Nan take sai a ɗora wa wutar lantarki laifi, alhali sau da yawa zafi ne.

A cikin akwatin kwamfutar tebur akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu da ake kira furosesa, wato ƙwaƙwalwarta. Kusan duk wutar da yake ci zafi take komawa. Idan zafinsa ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyos sai ya rage gudu da kansa, in abin ya ci tura ya kashe na'urar don kada ya ƙone. Shi ya sa ake ɗora masa wani ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a samansa, wanda masu gyara ke kira hitsink. Ni dai na fi son mu ce mazuƙin zafi, domin aikinsa ke nan.

Abin da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, wannan ƙarfe ba firji ba ne. Iskar ɗaki yake amfani da ita wajen kwashe zafi, ba zai taɓa sanyaya furosesa fiye da iskar da ke kewaye da shi ba. To, a Yola lokacin bazara zafi kan haura digiri 40, balle shago mai rufin kwano. Ke nan mazuƙin da ya wadatar a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki yana iya gazawa a Damilu. Saboda haka idan furosesarka mai wat 65 ce, nemi wanda aka rubuta yana ɗaukar wat 95 ko fiye. Mai ƙasan jan ƙarfe ya fi na alminiyum zalla, don jan ƙarfe ya fi saurin ɗaukar zafi.

Kafin ka je kasuwar Jimeta, duba sunan gurbin da furosesa ke zaune a kan babban allo. Na Intel irin su LGA 1155, 1151 da 1200 ramukansu ɗaya ne, amma LGA 1700 da ya fito a 2021 ya bambanta. AM4 na kamfanin AMD kuwa nasa tsarin daban. Yawancin kwamfutocin HP da Dell na hannu da suka cika shagunanmu suna da nasu mazuƙin na musamman, don haka gara ka tafi da tsohon a hannu. Ka kuma auna tsayi, kada murfin akwati ya ƙi rufuwa.

Wajen ɗaurawa, zare wayar wuta tukuna, ka taɓa jikin akwatin da hannu. Ka ɗan murɗa tsohon mazuƙin hagu da dama kafin ka ɗaga, musamman a AM4, inda fizga ke iya tumɓuko furosesa har ƙafafunsa su lanƙwashe. Goge busasshen man da ke kai da sifirit, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya. Wannan man, wanda ake kira fes, cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani yake yi, yawansa ba ya ƙara komai. Kada ka manta da ɓare ledar da ke ƙasan sabon ƙarfen. Ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sannan ka soke wayar fanka inda aka rubuta CPU_FAN.

Saura ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu takan toshe haƙarƙarin ƙarfen kamar an shimfiɗa masa bargo, ga shi kuma zafi na biye da ita kai tsaye. A ƙarshen Fabrairu ka fitar da akwatin waje ka hure shi, ka dafe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.