Filin Mata: Matambayi Ba Ya Ɓata

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan laburare ne, wato ɗakin ajiyar littattafai.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ya ke wajen Kalgo, karatu mai zurfi ya matso kusa da 'yan matan Kambaza da Gwandu. Amma shiga makaranta daban, iya neman ilmi daban. Sau da yawa yarinya ta kan shekara tana wuce ƙofar laburare ba ta leƙa ba, don kunyar tambaya. Ran da aka ce ta rubuta bincikenta na fita, sai ta kwashe abin da ta gani a waya ta miƙa. Malami kuwa in ya gane, aikin ya tashi banza, kuɗin iyaye ya bi ruwa.

Saboda haka ne a ke koya wa sababbin ɗalibai darasin amfani da laburare. Kada ku raina shi. Abu uku a ke koyo.

Na farko, nemo littafi. Kowane littafi yana da lamba a gadon bayansa, an kuma rubuta ta a kati ko a kwamfuta, tare da sunan mawallafi. Ki sami lambar tukuna, sa'an nan ki nufi kanta. Kuma ki taƙaita tambayarki. Wadda ta ce tana neman "noma" za ta wuni tana lalube. Wadda ta ce "yadda a ke adana albasa a Aliero" ta san inda ta dosa.

Na biyu, auna magana. Wa ya rubuta? Yaushe? Ina ya samo? Ba mai sayen atamfa ba ta murza ta gani ba. To, haka za ki yi wa abin da ki ka karanta.

Na uku, faɗin inda ki ka ɗebo. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya yi littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu, da littattafan da ya karanta. Ga shi yau babban laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sunansa ya ke ɗauke da shi. In malami kamarsa bai ɓoye majiyarsa ba, ina dalilin ɗaliba?

Ku 'yan makaranta, ku fara tun yanzu. Ki riƙe ƙaramin littafin rubutu, duk abin da ki ka karanta ki sa sunan littafin, da mawallafi, da shekara, da shafi. In kin rasa abu, ki gai da ma'aikacin laburare ki tambaye shi, aikinsa ke nan.

Ku kuma iyaye, in 'yarku ta ce za ta tsaya laburare bayan darasi, ku san lokacin komowarta, ku rage mata aikin gida ran nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, har ƙauyuka ta ke aika jajinta su karantar da mata. Mu da littattafai su ka zo mana har Kalgo, kada mu tsaya a bakin ƙofa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.