Raƙuman dawan Kure: Yadda fari da sarar daji suka kora su cikin gonaki

Manomin da ya yi sammako a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ba abin mamaki ba ne ya tarar raƙumin dawa ya riga shi shiga gonar wake. Ba son mutane ne ya kawo dabbar nan bakin gari ba, dajin ne ya ƙare mata.

A da, wannan nau'in na Afirka ta Yamma yana yawo tun daga Senegal har Tafkin Chadi. Farin da aka yi a yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 ya busar da itatuwan da yake ci, farauta da faɗaɗa gonaki da saran itacen girki suka ƙarasa sauran. A 1996, guda 49 kacal aka ƙirga, dukkansu a Nijar.

Abin da ya same su ba nasu ba ne su kaɗai. Rahoton asusun kare namun daji na WWF na 2024 ya nuna cewa garkunan dabbobin da ake bibiya a Afirka sun ragu da kashi 76 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020, kuma asarar muhalli ce kan gaba.

A Kure, da damina raƙuman suna kiwo a kan tudu. Idan rani ya yi sai su gangara kwarin Dallol Bosso, inda gawo ke fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Duk gawon da aka sare, abincin rani ne ya tafi, sai dabbar ta juya kan wake da mangwaron talaka.

Hana farauta da tallafa wa ƙauyukan yankin sun sa adadinsu ya haura 600. A 2018 an kwashi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maradi, gudun kada fari ɗaya ko annoba ɗaya ta share su baki ɗaya.

Sai dai harin Agustan 2020, wanda ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, ya kori masu yawon buɗe ido, kuɗin shiga ya ja baya. Yanzu makomar raƙuman tana hannun manomin da ake roƙo ya bar gawo a tsaye, alhali shi ma damina ba ta da tabbas a gare shi.