Abin da ya kamata ku sani game da amfanin koyon judo da sauran wasannin kare kai

Duk wanda ya shiga ajin judo da niyyar koyon yadda ake kayar da mutum zai sha mamaki, domin makonnin farko faɗuwa ake koya masa. Zai kwanta a kan katifa, ya manna haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya mari katifar da hannu gaba ɗaya daidai lokacin da bayansa ya sauka. Daga kwance a koma tsugune, daga tsugune a koma tsaye, sannan a koyi mirginawa ta kan kafaɗa. Japanawa na kiran wannan darasi ukemi, kuma malamin kirki ba ya bari a ɗaga ɗalibi a buga da ƙasa sai ya ga faɗuwar ta zauna masa a jiki.

A ganina babu amfanin da ya kai wannan, ko da yake ba shi ake tallatawa ba. Mutum na iya ƙare rayuwarsa ba wanda ya tare shi da faɗa, amma da wuya ya ƙare ta bai taɓa faɗuwa ba, ko santsin banɗaki ya kwashe shi, ko babur ya zame da shi a kan yashi. Abin da jiki ya saba yi shi ne miƙa hannu a tokari ƙasa, a nan ne wuyan hannu ke karyewa ko kafaɗa ta goce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ci. Shi ya sa ma ake ba tsofaffi shawarar yin tai chi, wasan Sinawan nan mai motsi a hankali, saboda an tabbatar yana ƙarfafa tsayuwa, yana rage faɗuwa.

Wanda ya ƙirƙiro judo, Jigoro Kano, malamin makaranta ne. Yana yaro ba shi da girman jiki, abokan karatu na cin zalinsa, sai ya nemi masu koyar da jujutsu, tsohon salon faɗan Japan. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗaki na wurin ibada a Tokyo. Dabararsa ita ce ya ware kamun da ke karya mutum ko kashe shi, ya bar waɗanda mutum biyu za su iya gwabzawa da su da iya ƙarfinsu, su tashi lafiya, gobe su dawo. Ya ɗora wasan a kan ginshiƙai biyu: kada a ɓarnatar da ƙarfi, kuma kowa ya amfana da abokin karawarsa. A 1964 judo ya shiga gasar Olympics.

Ta fuskar lafiya, lissafin a fili yake. Ana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Yaro kuwa awa guda kullum. Zuwa atisaye sau uku a mako ya biya wa babba wannan bashin. Minti huɗu kacal ake yi a karawar judo, amma wanda ya taɓa gwadawa ya san irin hakin da ke cikinsu. Zuciya da huhu na aiki, riƙon rigar abokin karawa na ƙarfafa yatsu da damtse, ɗaukar nauyinsa na ƙarfafa ƙashi da ƙugu. Ga mai gudun hawan jini da ciwon suga, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Sai batun hali, wanda iyaye suka fi tambaya: anya yaro ba zai zama mafaɗaci ba? Abin ya dogara ga malami. A ajin da ke da tsari, yaro na shan kaye sau da yawa a rana ɗaya, wani lokaci a hannun wanda bai kai shi ba, ya tashi ya gyara riga ya ci gaba. Idan aka shaƙe shi ko aka murɗe masa gwiwar hannu, sai ya ɗan bubbuga katifa ko jikin abokinsa, alamar ya sallama, shi kuma wancan dole ya saki nan take. Wanda ya saba da amsa kaye ba tare da fushi ba, ya kuma saba da sakin wanda ya riga ya fi ƙarfinsa, ba ya buƙatar gwada kansa a kan yaran unguwa. Amma a hannun malami mai kirarin duka, akasin haka ake samu.

Kare kai fa? Horo na hana mutum daskarewa idan aka cafke shi, yana koya masa ƙwacewa. Iyakarsa ke nan. Baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a wasan, ba ta tare wuƙa, balle harsashi, kuma a irin wannan hali ƙwararrun malamai da kansu shawarar gudu suke fara bayarwa.

Akwai haɗari, kuma Japan kanta ta ɗanɗana. Daga 1983 zuwa 2011, ɗalibai fiye da 100 sun mutu a atisayen judo na makarantun ƙasar, yawancinsu sababbin shiga da suka bugu a kai. Faransa, wadda ta fi Japan yawan masu yin judo, tun 1955 ta kafa dokar cewa sai mai takardar shaida zai koyar, kuma ba ta ga irin wannan asara ba. Duk wasan da ake dukan kai a cikinsa, walau damben Turawa walau namu na gargajiya, yana iya barin lahani a ƙwaƙwalwa wanda ba ya bayyana sai an kwana biyu.

Mu ba baƙin fage ba ne. Kokawa na buƙatar kusan duk abin da judo ke buƙata, daga ƙarfin ƙugu zuwa sanin inda nauyin abokin karawa ya karkata, kuma tun 1975 Nijar ke gudanar da gasar kokawa ta takobin ƙasa. A taekwondo, wasan Koriya mai yawan shuri, Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, shekara guda bayan nan ya zama zakaran duniya.

Kafin ka kai yaro, je ka zauna ka kalli atisaye guda daga farko har ƙarshe. Duba ko akwai katifa ko siminti ne tsura, ko ana haɗa yara daidai da nauyinsu, ko ana dumama jiki kafin a fara. Tambayi malamin inda ya koya da ƙungiyar da ta ba shi shaida. Yaron da ya bugu a kai ya ce yana jin jiri ko ciwon kai, ko ya yi amai, a dakatar da shi ranar, likita ya duba shi kafin ya koma. Babba mai ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon gwiwa kuwa, ya fara biyawa ta asibiti.