Littafi Biyu, Lissafi Ɗaya: Na'urar Aljihu Da Darasin Kafancan

KAFANCAN — Duk jami'in bayar da rance da ke zagaya ƙauyukan Zangon Kataf, daga Zonkwa zuwa kasuwannin citta, yana fama da littafi biyu: na jakarsa da na ofis. Muddin suka saɓa, to ko dai a sake bin manomi bashin da ya riga ya biya, ko kuwa kuɗin asusu su salwanta.

Irin wannan matsala ce aka so magancewa da ƙaramar na'urar nan ta aljihu mai suna Pilot, wadda kamfanin Palm na Amurka ya fito da ita a 1996. Akan ɗora ta bisa wani ɗan mazauni da ke haɗe da kwamfuta, a danna maɓalli guda, sai tsarin HotSync ya gwama bayanan ɓangarorin biyu, ya kwashe abin da aka canja kaɗai. In kuwa an taɓa bayani ɗaya a nan da can, ba ya yanke hukunci. Yakan ajiye duka biyun, mai littafi ya zaɓa. Wannan dabara ce ta mai hankali, domin na'ura ba ta san wanda ya karɓi kuɗi a hannu ba.

Sai dai mazaunin yana ofis, jami'i kuwa yana ƙauye. Shi ya sa aka koma neman yin gwamin ba tare da waya ba. A ƙasar Yuganda, daga 2003, ma'aikatan lafiya na karkara sun riƙa tura rahotanni daga na'urorin Palm zuwa wani akwati da ke asibiti, shi kuma ya miƙa su Kampala ta layin salula. Cibiyar IDRC ta Kanada ce ta ɗauki nauyin shirin.

Ita dai wannan cibiya ta tallafa wa Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma ta yi suna wajen bai wa mata ƙaramin rance, ta girka Zittnet a Kafancan, wato hanyar intanet marar waya don makarantu da cibiyoyin garin. Da yake wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, sai aka jingina da hasken rana da batura. An kafa hasumiya mai tsawon mita 45, amma a 2008 guguwa ta kayar da ita.

A nan gizo ke saƙar. Na'urar aljihu ita ce mafi araha a cikin kayan. Tsadar tana ga wuta da hasumiya da ma'aikacin da zai gyara. Ga shi kuma Pilot ta farko takan manta duk abin da ke cikinta idan baturanta suka mutu ƙurmus, don haka kwana ukun da aka yi ba a gwama ba na iya tafiya da lissafin kwana uku.

Kamfanin HP ya sayi Palm a 2010, wayar salula kuma ta gaji aikin.