Yaya ake auna natsuwar malamin makaranta?

Gero da tiya ake auna shi. Zazzaɓi ma likita yana da abin awonsa. To, natsuwar mutum fa, da me za a auna ta?

Natsuwar da muke nufi ita ce hankalin mutum ya zauna a kan abin da yake yi yanzu. Malami yana iya tsayawa gaban allo, bakinsa yana karatu, hankalinsa kuwa yana gida wajen ɗansa marar lafiya. Irin wannan malami ba ya lura da yaron da bai gane ba. Yana saurin fushi, yana saurin ɗaukar bulala, shi kansa gajiya tana cin sa.

Masana sun yi dabara: suna rubuta tambayoyi a takarda, mutum ya amsa da kansa. A shekarar 2003 wasu masana biyu a Amurka, Kirk Brown da Richard Ryan, suka fito da takarda mai tambaya 15. A kowace tambaya mutum yana zaɓen lamba daga 1 zuwa 6. A 2016 aka yi wata ta malamai zalla, mai tambaya 14. Wani kashi yana duba hankalin malami lokacin da yake koyarwa, ɗaya kashin yana duba zamansa da yara. An fassara ta zuwa harshen Turkiyya da na Koriya.

Amma fassara kaɗai ba ta isa ba. A takardar 2003 akwai tambaya a kan tuƙa mota hankali na wani wuri. Malamin ƙauye da ke zuwa lakkwal a ƙafa, me zai ce? Sai an sauya masa misali, a ce tafiya kasuwa. Ga yadda ake yi: wani ya fassara, wani dabam ya mayar da fassarar harshen farko, a gwada a gani ko ma'ana ta ɓata. Sannan a jarraba ta da malamai kaɗan, a tambaye su abin da suka fahimta.

Saura wata matsala. Mutum ne ke ba da shaida a kan kansa. In malami ya zaci takardar za ta kai ga mai duba makarantu, zai amsa abin da zai wanke shi. Shi ya sa galibi ba a rubuta suna a kanta.